Bazazzagi Mai Wankan Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina waccan?" In kuwa ina tsaye a gabansa, sai ya dubi bango ya yi wa bangon magana, ni kuma in amsa. Haka muka taso a ƙauyenmu can kudancin Kano, kuma zamanmu Kirista bai rage komai daga wannan kunya ba. Baba dattijon ikilisiya ne tun ina goye. Shi ke buga tsohon ƙarfen motar da aka rataye a jikin darbejiya don kiran sujada, shi ke share coci, amma ko a cikin cocin ba ya haɗa ido da ni.

Lokacin da hawan jini ya kayar da shi ya shanye masa ɓarin dama, mahaifiyarmu ta riga ta rasu, ƙanena kuma, namiji ɗaya tilo da muke da shi, yana aiki a Fatakwal. Da aka sallami Baba daga asibiti sai muka kawo shi wurinmu a unguwar Nassarawa da ke Kano, cikin tsohon gidan gwamnatin da aka ba maigidana, mai manyan tagogi da bishiyoyin mangwaro da suka girme mu duka. Na gyara masa ɗakin baƙi, na sayi sabuwar katifa, na jera magunguna a kan tebur. A zatona wahalar jinya ba ta wuce magani da kai shi asibiti gashin ƙashi ba. Ashe babbar wahalar tana wajen wanka da fo, mazubin da marar lafiya ke bayan gida a ciki.

Baba ba ya iya tashi, balle ya kai kansa banɗaki. Ranar farko da na shiga da bokiti da soso, sai ya sa hannun hagu ya ja zane har wuya, ya juya fuska ya ce wa bango, "A gaya wa waccan ta fita." Maigidana ya ce shi zai yi. To amma shi suruki ne, mutumin da ke cire takalmi tun daga ƙofa ya durƙusa kafin ya gaishe shi, wanda Baba ko ruwa ba ya sha a gabansa. Da maganar ta kai kunnen Baba, cewa ya yi gara a ɗauke shi a kai shi daji a yar. 'Ya'yanmu kuwa duk mata ne. Sai muka ɗauki wani mai jinya, ya zo da safar hannu da takunkumi. Ya yi aikinsa daidai gwargwado, ba na zarginsa, sai dai yana yi yana kau da kai yana riƙe numfashi, Baba kuwa jikinsa ne ya shanye, idonsa garau yake. Ba a daɗe ba Baba ya jefe shi da kofi, ya ce kada ya sake ganinsa.

Daga nan Baba ya samo wa kansa mafita, wato ya daina cin abinci. Bai faɗa wa kowa dalili ba, ni ce na gane da kaina: in bai ci ba bai sha ba, ba zai nemi fo ba, ba kuma wanda zai ga tsiraicinsa. Na dama kunun tsamiya irin wanda yake so, ya dawo yadda na kai shi. Hajiya maƙwabciyarmu, wadda katanga ce kawai ta raba mu, ta aiko da fura mai kyau da kindirmo, ko kallonta bai yi ba. Ruwa ma sai dai ya jiƙa leɓe. Idanunsa suka faɗa, muryarsa ta shige ciki. Likita ya ce in aka ci gaba a haka dole a mayar da shi asibiti a zura masa roba ta hanci, kuma ko da hakan ba ya ba da tabbaci. Ni mai zafin rai ce, kowa ya shaida. Wata rana na tsaya tsakiyar ɗakin, ni ma na dubi bangon nan na ce, "A gaya wa mai ɗakin nan, in kashe kansa zai yi, ya tuna dattijon ikilisiya ne!" Na fito na zauna a kicin na yi kuka har na gode Allah.

A lokacin ba a daɗe da kawo mana sabon fasto a cocinmu da ke Badawa ba, daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Ɗan siriri ne, gajere, mai sanyin murya, yana hawan wani tsohon babur da ake jin tarinsa tun daga kwana. Wa'azinsa ba ya tayar da mai gyangyaɗi, kuma har yau ban sauya ra'ayi a kan wannan ba. Wasu daga cikin manyanmu ma suna gunaguni, wai coci mai likitoci da daraktoci ya kamata a ba ta wanda zai cika mata ido. Bayan addu'ar Laraba na tare shi, da niyyar in roƙa a sa Baba a addu'a kawai, amma da yake bakina ba ya da birki, sai na zazzage masa komai, har da batun fo.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Baba ya san ni?"

Na ce, "A'a, Baba Fasto. Tun da aka kawo shi bai leƙa waje ba."

"Kuma kin ce Bakano ne?"

"Gaba da baya."

Sai na ga ya yi murmushi. Ya ce, "To, gobe da safe ki ɗora ruwan zafi."

Washegari sai ga shi da wata tsohuwar riga 'yar shara da silifas, babu kwat, babu farar kwalar da fastoci ke sawa a wuya. Mai gadinmu, wani dattijo mutumin Jigawa, har ya tsare shi a ƙofa yana tambayarsa ko mai gyaran famfo ne. Kafin ya shiga wurin Baba ya ja ni gefe ya ce, "Kada ki ce masa komai a kaina. In kuma ya tambaya, kada ki ɓoye." Ya karɓi bokitin daga hannuna, ya tura ƙofa, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya ɗaga a kan bagadi ba.

"Salamu alaikum! Ina Bakanon da aka ce ya gagari mutanen gida?"

Na ji Baba ya ce, da harshensa da ya yi nauyi, "Wane marar kunya ne wannan?"

"Bazazzagi ne, ubangidanka."

"Ubangidan wa? Tun yaushe bawa ya zama ubangida?"

Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, a yi ta tsiya, ba fushi, ba kuma kunya, ko da ɗaya ya yi jika da ɗayan. Ni da na girma ina jin wannan wasa a kasuwa da tasha, ban taɓa tunanin zai yi mini rana a ɗakin jinya ba. Aka rufe ƙofa, na tsaya a baranda ina jin ƙarar ruwa da ta zagi.

"Kai! A Zariya ba a koya muku sirka ruwa ba? Dafa ni za ka yi?"

"Ai Bakano sai da tafasasshe, Tsoho. Dattin kasuwa ba ya fita da ruwan sanyi."

"Ka ji ɗan banza. Cuɗa mini bayan nan da kyau, ko tuwo ba ka ci ba ne?"

Da ya fito, yana riƙe da fo a rufe da tsumma. Na miƙa hannu zan karɓa don nauyin abin, ya ce, "A'a, wannan tsakanina da shi ne." Ya kai banɗaki ya zubar, ya wanke, ya kwaso zanen gado ya tsuguna a bakin famfo ƙarƙashin mangwaro ya wanke shi tas ya shanya. Sannan ya ce in kawo kunu. Ya shiga da shi, ya fito da kofin babu komai a ciki.

Tun daga ranar ya riƙa zuwa safe da yamma. Ya yi masa wanka, ya juya shi, ya shafe masa baya da man kaɗanya don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ya yanke masa farce, ya yi masa aski. Ranar Lahadi da sassafe yake zuwa, ya gama ya wuce coci. Baba bai taɓa tambayar sana'arsa ba, ya ɗauka wani ne muka ɗauko. Yakan ce wa bango, in ya san ina kusa, "A riƙa ba yaron nan abinci, duk ya bushe." Wata rana ma na ji yana tuhumarsa.

"Kai Bazazzagi, kana zuwa sujada kuwa?"

"Ina zuwa, Tsoho, ba na fashi."

"A ina kake zama?"

"A gaba."

"Na sani! Bazazzagi da son gaba."

Daga nan Baba ya ɗauki aikin koya masa addini. Yana kwance ana goge masa ƙafa, yana yi wa fasto wa'azi a kan tawali'u, yana gyara masa waƙoƙin sujada, wai yana jan su kamar mai kiran shanu. Shi kuma sai ya ce, "To, Tsoho, na ji, ƙara mini." Ni kuwa ina baranda ina toshe baki da gefen mayafi. Mai gadi ya raɗa masa suna mai wankan Baba, yana amsawa. Hajiya ta leƙo ta katanga wata safiya ta gan shi yana shanya, ta tambaye ni inda na samo wannan bawan Allah mai tsabta, don ita ma akwai tsoho a danginsu da ke bukata. Da na gaya mata ko wane ne, sai ta riƙe baki ta ce, "Limaminku? Shi da kansa?" Tun daga ranar ba ta fasa aiko masa da waina mai zafi ba.

Jikin Baba ya fara dawowa. Kumatunsa suka ciko, ya koma cin tuwo miyar kuka, har yana ƙorafin gishiri. Na saki jiki, na ɗauka mun haye.

Sai wata Juma'a da yamma matan zumunta na cocinmu suka zo duba marar lafiya, ba tare da sun aiko ba, su da yawa cikin zanensu iri ɗaya. Ina kicin ban ji shigowarsu ba. Ƙofar Baba a buɗe take, don an gama wanka ana shan iska, suka yi sallama suka shige. Suka tarar da fasto durƙushe a ƙasa, baho a gefensa, ƙafar Baba a kan cinyarsa yana tsane ta da tawul. Shugabarsu, wata dattijuwa, ta zube a kan gwiwa ta ce, "Baba Fasto! Kai ne da wannan aiki?" Wata ta yi wuf ta fizge tawul ɗin daga hannunsa, wata ta ɗauke bahon kamar an kama shi da abin kunya. Na iso daidai lokacin da Baba ke kallonsa, baki buɗe.

Sai wanda ya san Baba zai gane abin da ya faɗo masa. A ƙauyenmu fasto ko kujerar zamansa ba ya ɗauka. Baba ya yi shekaru yana riƙe wa fastoci jaka, yana zuba musu ruwan wanke hannu, yana kai musu damin farko na gonarsa. Yanzu ga shi an ce wanda ya yi ta kira ɗan banza, wanda ya yi ta ɗaukar masa fo, shi ne mai kiwon ikilisiya. Ya janye ƙafarsa a hankali, ya ja zane har wuya, ya juya ga bango. Matan suka rera waƙa ɗaya a sanyaye, suka yi addu'a suka tafi. Alheri ne ya kawo su, na sani, amma a ranar da na bi zuciyata da muciya zan raka su.

Daren nan bai ci ba. Da safe fasto ya zo kamar kullum, Baba ya ce masa, ba tare da ya juyo ba, "Ranka ya daɗe, a yi mini gafara. A koma gida." Bai matsa masa ba. Ya fito ya zauna a baranda ya daɗe, kansa a ƙasa, sannan ya hau babur ɗinsa. Da yamma ya dawo, aka maimaita. Baba ya kwana cikin ɓacin jikinsa, bai yarda kowa ya matso ba, ko ruwa ya ƙi. Muka koma inda muka fito, har ma ya fi muni, don a da kunya ce kawai, yanzu kuwa yana ganin ya yi wa Allah laifi. Ni ma na kasa cin komai. Ranar Lahadi ban je coci ba, ina zaune ina tunanin robar hancin nan.

Bayan an tashi sujada na ji tarin babur a ƙofa. Wannan karon da baƙin kwat ɗinsa ya zo, da farar kwala a wuya, kai tsaye daga kan bagadi. Ya ce, "Akwai ruwan zafi?" Ya cire takalmi, ya rataye kwat a jikin ƙofa, ya naɗe hannun riga, amma kwalar ya bar ta. Ya shiga da bahon, bai rufe ƙofar duka ba, na kuwa tsaya a bayanta.

Ya ce, "Baba, yau da kwalar na zo, don ka ga ba ta tsoron ruwa."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, hannun da ke gutsura gurasar Jibin Ubangiji, shi zai taɓa ƙazantata? Ni da na yi ta zaginka?"

"Shi ne dai hannun, Baba, ba ni da wani. Kai dattijo ne, ka riga ni sanin labarin, ka sha faɗa wa mutane a ƙauye. A wannan maraice na Jibin, me Mai Jibin ya ɗaura a ƙugunsa?"

Na ji Baba ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tawul."

"To, shi da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ni ɗan aikensa ne kawai. In ce na fi ƙarfin baho? Batun zagi kuwa, kada ka damu, ina tara su, ramawa zan yi. Da girmana aka naɗa ni fasto, amma Bazazzagi aka haife ni." Sai ya sauke murya. "Abu ɗaya nake so ka sani. In ka ƙi ni, ba ni kake horo ba. Waccan da ke tsaye a bayan ƙofa, ita ma rabonta da abinci tun shekaranjiya."

Ban san yadda aka yi ya sani ba, don ban gaya masa ba. Na dafe bango. Na yi ta addu'a a zuci, ba ma kalmomi, sai dai roƙo. Can sai na ji Baba ya yi gyaran murya.

"Kai Bazazzagi."

"Na'am, Tsoho."

"Duk surutun nan naka, ruwan ya huce. Je ka ƙaro na zafi."

Da aka gama wankan ya fito, kwalar ta jiƙe sharkaf, ya ce in kawo kunu. Na miƙa masa kofin kamar yadda muka saba, sai ya mayar da hannuwansa baya ya ce, "Ina da taron dattawa, suna jirana. Ki shiga." Na shiga ina ɗari-ɗari, na tsaya a bakin gado. Baba yana jingine da matashi, yana ƙamshin sabulu, fuskarsa na kallon bango. Ya ce, "A gaya wa waccan ta zauna." Na zauna. Na ɗebo kunun a cokali na kai bakinsa, ya buɗe. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, hawaye ma ba su bar ni in ga cokalin da kyau ba. Haka muka yi har kofin ya ƙare, ya ce wa bango a ƙaro.

Baba ya ga damina ta wuce, ya sha mangwaron gidanmu na shekarar da ta biyo. Har ya kai ana fito da shi a keke ya zauna a inuwa, shi da mai gadi suna hirar gero da dawa. Fasto bai daina zuwa ba, sai dai labarin ya riga ya bazu a coci, kuma bai taɓa ambatarsa a wa'azi ba, ko da wasa. Sai ga maza suna zuwa da kansu su karɓe shi, har da waɗanda suka yi gunagunin babur. Na ga darakta ya cire agogo ya naɗe hannun riga a barandata. Baba yakan tambayi kowa garinsu kafin ya yarda, in babu wasa tsakaninsu ya ƙirƙiro. Ƙanena ma da ya zo hutu, a hannun fasto ya koyi yadda ake juya mahaifinsa.

Na ji masu wa'azi da yawa a rayuwata, wasu har tsigar jikina ta tashi, amma yawancin abin da suka faɗa ya bi iska. In aka ce mini bawan Allah yau, mutumin da nake gani shi ne wani ɗan siriri tsugune a bakin famfo yana wanke zanen gadon mahaifina. Ina gode wa Allah da ya aiko mana shi, ina kuma gode masa shi kansa, ko da yake duk lokacin da na buɗe baki zan yi godiyar sai ya tambaye ni ko wainar Hajiya ta iso.

Baba ya rasu wata safiya bayan ya sha kununsa, cikin sauƙi, kamar mai komawa barci. Kafin rana ta take gida ya cika. Hajiya ta shigo da tabarmi da manyan tukwane, mai gadi yana ta share hawaye da hularsa. Da lokacin wanka ya yi, dattawan coci suka ce wa fasto ya zauna ya huta, akwai jana'iza a gabansa, su za su yi. Ya ce a'a, ya cire kwat ya rataye a inda ya saba. Ni na ɗora ruwan, ni na kai bokitin bakin ƙofa. Ya tsoma hannu a ciki, sannan ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Ƙaro na zafi kaɗan. Bakanon nan ba ya son ruwa ya huce."